Kwalbar da Baba Ya Binne

Kafin in ba ku labarin ranar Lahadi sai na fara da Laraba, domin duk wadda ta taɓa soyayya a cikinku ta san ciwon a ce saurayinta yana da rana guda a mako da wayarsa take mutuwa. Ni Nevena, Laraba ce tawa. Da yamma ta yi Vukan zai ɓace min ɗif. In kira, a kashe. In tura saƙo, shiru. Sai can bayan an ci abinci ya ɓullo da "Kyakkyawata, ya aiki?" kamar ba shi ne ya bar ni ina cizon yatsa ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son ƙwaƙƙwafi. Mama takan ce tun ina rarrafe babu durowar da ban buɗe ba a gidanmu. Na tambayi Vukan, ya ce wani taro ne. Taron su wa? Na wasu mutane. Na ce to da na awaki ne? Ya yi dariya ya kawo wani zance. Na zargi mace, na zargi caca, har na zargi ko siyasa ya shiga a ɓoye. A shagon gyaran gashin da nake aiki, abokan aikina duk sun yanke hukunci cewa mace ce, har sun zaɓar mata launin gashi.

A gida kuma an sa ni a gaba. Kusan shekara biyu Vukan yana zuwa ƙauyenmu, ya gyara mana wayoyin wuta, ya ci girkin Mama har ya nemi ƙari, amma bai kawo manyansa ba. Mama ta fara da habaici, ta koma faɗa, ta ƙare da kuka. Baba Milutin shi ba wannan ne ya dame shi ba. Abin da yake ci masa rai shi ne, duk zuwan da Vukan ya yi, bai taɓa ɗaga kofin rakija, barasar ƙasarmu, da shi ba. Kullum "Baba, ina tuƙi." Baba kuwa gonar shiliwa gare shi tun daga bayan gida har bakin rafi, 'ya'yan itacen da ake yin rakija da su ke nan, da hannunsa yake dafa barasarsa duk kaka, kuma bai yarda akwai wadda ta kai tasa ba a duk yankin.

Da Vukan ya ce zai zo neman aurena ranar Lahadi, Baba ya buga tebur don murna. Ranar da aka haife ni ya cika wata babbar kwalba da rakijar shekarar, ya liƙe bakinta da kakin zuma, ya binne ta a gindin tsohuwar bishiyar bayan gida, kamar yadda ubansa ya yi wa 'yan uwansa mata. Ba a tono ta sai ranar da aka zo tambayar yarinya. Uba ya zuba, saurayi ya sha kofin farko, shi ke nan an bayar.

"Ki gaya masa ya bar motarsa a gida," in ji Baba. "Kawunki zai je ya ɗauko su. In ga kuma da me zai fake."

Na tura wa Vukan saƙon ina dariya, har da hoton bishiyar. Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Sai da na gama wanke wa wata tsohuwa kai sannan amsa ta shigo:

"Jibi Laraba ki zo Valjevo. Bayan ofishin 'yan kwana-kwana akwai tsohon ginin unguwa. Ki hau sama. Gara ki gani da idonki kafin Lahadi."

'Yan uwa, kun san me na yi? Kwalliya. Na ce ko wace ce, sai ta san da wa take. Na sa jar rigata mai tsukakken ƙugu, da takalmi mai tsini wanda ko a biki ba na iya wuni da shi, na kwantar da gashina gefe guda, na shafa jan baki har sau biyu. Mama ta bi ni da kallo har bakin ƙofa.

"Ina zuwa haka da rana tsaka?"

"Sayen zare."

"Zaren ya ga ta kansa," ta ce.

Na sauka daga bas na sami ginin ba wuya, amma ba allo, ba rubutu, ba komai. Ƙofar farko da na tura, yara ne suka riƙe hannun juna suna koyon rawar gargajiya, malamarsu tana tafi. Ta biyu, tsofaffi ne suna kati cikin hayaƙin taba, duk suka ɗago suka zuba wa jar rigata ido. Na ja ƙofar da sauri. Tambaya ma ta gagare ni, don ban san sunan abin da nake nema ba. Zan ce musu ina ɗakin da saurayina yake ɓuya?

A kan matakala na tarar da wani dattijo mai gashin baki fari, ya rungume kwalaben ruwan tuffa a ƙirji. Ya kalli takalmina, ya kalli fuskata.

"'Yata, ke mai sha ce ko mai haƙuri da mai sha?"

"Na'am?"

"Mu iri biyu ne a sama. Ni na farko ne, matata ta biyu. Riƙe min kwalba ɗaya, gwiwata ba ta son matakala."

Na karɓa na bi shi, kaina yana juyawa. Sunansa Slavko, tsohon direban bas ne, kafin mu kai sama har ya gaya min ciwon gwiwarsa da sunayen jikokinsa.

Ɗaki ne mai labule ruwan ƙasa, an jera kujeru a zagaye, a tsakiya ƙaramin tebur da farantin kek, gahawa tana tafasa a kan risho a kusurwa. Ni da na ji maganar sha, na zaci zan ga mutane a kwance suna tangaɗi. Sai na ga mace da kot mai tsada da jaka a cinya, na ga wani saurayi da kayan aikin gini, na ga wata mai goyo tana jijjiga keken jariri da ƙafa. Kowa da na kusa da shi, bibbiyu bibbiyu. Can gefen taga ga Vukan cikin shuɗiyar rigar da na saya masa, kusa da shi Goggo Danica, ƙanwar mahaifiyarsa da ta raine shi, tana saƙa.

Wato wannan ce kishiyar tawa ta Laraba, tsohuwa mai tabarau da allurar saƙa. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Vukan ya miƙe, fuskarsa ta yi fari fat. Goggo Danica ta tattara zarenta ta matsa kujera ɗaya.

"Zo nan, 'yar nan. Na daɗe ina ɗumama miki wurin."

Wata mata mai gajeren gashi ta yi min maraba, ta ce sunanta Gordana, ma'aikaciyar jinya ce, amma a nan ba allura take yi ba, kujeru kawai take jerawa ta hana Slavko cinye lokacin kowa. Ta ce abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake kwana. Don haka ku yi haƙuri, ba zan kwashe muku sirrin mutane ba, sai wanda suka yarda in faɗa.

Aka fara zagaye. Kowa ya faɗi sunansa da yadda makonsa ya kasance. Wani ya ce ya wuce ta gaban mashayarsu ta da, ƙafarsa ta tsaya da kanta, sai ya kira matarsa ta yi ta yi masa surutun farashin kabeji har ya wuce. Aka yi masa tafi. Ni dai ido nake ta rabawa. Ina son in san komai: wa ya fara kawo su, me ya sa ba sa jin kunyar juna, me ya sa matar mai kot take riƙe da hannun ɗanta alhali ita ce mai shan.

Da aka zo kan Vukan, bai kalle ni ba.

"Sunana Vukan. Wannan ita ce Nevena da nake ba ku labari. Ba ta san komai ba sai yanzu." Sai ya juyo gare ni. "Nevena, ni mashayi ne. Na fara a wurin aikin gini a ƙasar waje, bayan rasuwar mahaifina. Na kai inda ba na iya riƙe abin kwance ƙusa sai na sha da safe. Goggo ce ta ɗauko ni daga bakin titi ta kawo ni nan. Na daina kafin in haɗu da ke, kuma ban sake ba. Amma ba warkewa na yi ba, dainawa na yi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara biyu ina gaya masa har mafarkin da na yi, shi yana riƙe da wannan. Amma tausayinsa ya fi fushin ƙarfi. Bakina kuwa da ba ya iya shiru ya riga ni.

"To me ya sa sai Valjevo? Ba irin wannan a kusa da ku?"

"Akwai," in ji Slavko. "Amma kowa garin maƙwabta yake zuwa don kada a gane shi. Mu na can muna nan, na Valjevo suna can. A bas muke gaisawa."

Aka kwashe da dariya, har ni.

"Su kuma waɗannan?" Na nuna masu rakiya. "Gadi suke yi?"

Gordana ta ce a'a. A nan ba a zuwa ɗaiɗai, domin ba mutum ɗaya barasa take kamawa a gida ba. Wanda ya zauna a kujerar kusa, shi ma ya bar sha, kuma gidansu ba a ajiye kwalba ko don baƙo. Goggo Danica ta ce ita da take son 'yar jar giyar inabi da kifi, ta haƙura, ga ta kuma ba ta mutu ba. Na dubi kujerar da nake kai, na ji ta yi min zafi.

Sai Vukan ya kawo maganar Lahadi, da kwalbar Baba, da motar da aka hana shi zuwa da ita. Nan fa ɗaki ya kaure.

"Ka ce kana shan maganin likita," in ji Slavko. "Ni da shi na tsallake bukukuwa ba iyaka."

"Rufa mana baki," in ji matarsa Olga. "Kai da maƙwabta suka fara yi min jaje sun ɗauka mutuwa za ka yi? Wane magani ne ba ya ƙarewa?"

Mai goyo ta ce ni ce ai zan kawo tire, in zuba masa shayi mai sanyi, launinsu ɗaya da tsohuwar rakija. Saurayin gini ya ce uban da yake dafa barasa da hannunsa daga nesa zai gane shayi. Ni kuma na yi tambayar da take cina tun ɗazu.

"Amma kofi ɗaya fa? Ɗan ƙaramin nan? Ya sha, a wuce wurin."

Ba wanda ya harare ni, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Slavko ya ajiye kek ɗinsa.

"'Yata, na yi shekaru ban sha ba, sai aka yi wa jikata baftisma. Surukina ya ce kofi ɗaya don yarinya ta yi albarka. Na sha. Ban dawo hayyacina ba sai da yarinyar ta fara tafiya. Tambayi Olga, ita ta san inda take tsinto ni."

Olga ta gyara masa wuyan riga.

"Ba zan yi ƙarya ba," in ji Vukan. "In na yi ta ranar Lahadi, sai na yi ta a ɗaurin aure, da bikin waliyyin gida na shekara-shekara, da kowace kaka in an kunna tukunyar barasa. Zan gaya masa gaskiya."

Da aka tashi, Gordana ta riƙe hannuna ta ce ba wanda ya ce in yanke shawara yau, kujera ba ta gudu. A tashar bas na cire takalmin na riƙe a hannu. Na ce wa Vukan, "Da ka gaya min tun farko." Ya ce, "Da kin tsaya?" Na buɗe baki in ce eh, sai na ga ban sani ba. Bas na tashi saƙonsa ya shigo: "In kin ce kada mu zo, ba zan ga laifinki ba." Na rubuta masa: "Ku zo. Ka sa farar riga."

Ranar Asabar na sami Mama a kicin tana murza ƙullin fanke mai cuku da muciya, gari har gwiwar hannu. Na rufe ƙofa na gaya mata komai. Ta saki muciyar.

"Mashayi? Duk samarin duniya, Nevena?"

"Ya daina, Mama."

"To in ya daina, kofi ɗaya me zai yi masa? Ya taɓa a leɓe mana. Ubanki tun kina cikin zani yake jiran gobe. Ya gayyaci 'yan uwansa, ya yanka ɗan rago. Kada ki kuskura ki ɓata masa rana."

"Ke ki gaya masa tun yau."

"Ni? Ban shirya kwana a gidan ƙanwata ba." Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da murzawa kamar ƙullin ne ya yi mata laifi.

Lahadi da hantsi aka jera tebura a ƙarƙashin rumfar inabi, aka shimfiɗa fararen ƙyallayen da Kaka ta yi wa ado da hannunta. Na sa rigata mai ruwan madara da 'yan kunnen Mama na aure. Kawu ya iso da Vukan da Goggo Danica. Vukan ya ba Mama furanni, ya miƙa wa Baba hannu. Na fito da tire kamar yadda ake yi, kowa ya ɗebi cokali guda na dafaffen 'ya'yan itace mai zaƙi ya kora da ruwa, sannan gahawa.

Goggo Danica ta yi magana a madadin iyayen Vukan, ta ce sun ga fure a gidan nan sun zo roƙo. Baba ya miƙe, ya cire kot, ya ɗauki shebur. Duk muka bi shi bayan gida. Ya ƙi kowa ya taya shi. Yana tono yana haki yana ba da labarin ranar da aka haife ni, yadda ƙanƙara ta rufe hanya, yadda ya fasa ƙasa da gatari don ta daskare. Da kwalbar ta fito, ya share mata ƙasa da hannun rigarsa ta coci, na ga idonsa ya ciko. Ban taɓa ganin Baba haka ba, kuma a lokacin na so shi har cikin raina.

A tebur ya fasa kakin, ƙanshi ya cika rumfar. Ya zuba ƙananan kofuna biyu, ruwan ya yi ja kamar zuma. Ya tura ɗaya gaban Vukan.

"Yau babu tuƙi, ɗana."

Vukan ya miƙe tsaye.

"Baba, ka gafarce ni. Ba zan iya sha ba. Ni mashayi ne da ya daina. In na sha wannan, ba zan tsaya a kansa ba."

Kawu ya yi tari. Baba ya fara da dariya.

"Wa ya ce ka bugu? Duk wanda ke teburin nan yana sha, ga mu da gonakinmu da 'ya'yanmu. Wannan ba ta mashaya ba ce, ta 'yata ce."

"Na sani, Baba. Shi ya sa nake gaya maka gaskiya."

"Malam Milutin," in ji Goggo Danica, "yaron nan ya sha wuya kafin..."

"Ba da ke nake ba, baiwar Allah." Dariyar ta bar fuskarsa. "Ubana da haka ya bayar da 'ya'yansa, kakana ma haka. Namijin da kofi ɗaya zai kayar, da me zai riƙe min 'ya? Ka sha, na ba ka. Ka ƙi, ga hanya nan."

Na kalli Mama, ta sunkuyar da kai. Na kalli Vukan, shi ma ni yake kallo. Kun san me na gani? Ba tsoron Baba ba. So na gani, irin wanda yake sa mutum ya yi wauta. Hannunsa ya taso daga gefensa a hankali, yatsunsa suka zagaye kofin. Goggo Danica ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Ya ɗaga shi daga kan tebur.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na fizge kofin daga hannunsa na juye shi a ƙasa.

Sai da na ga ƙasar tana shanye shi sannan na tuna. A wurinmu ba a zuba rakija a ƙasa sai don mamaci. A bakin kabari ake yi, ko in an ambaci wanda ya rasu, a ɗiga masa rabonsa. Ni kuwa kofin haihuwata na juye gaba ɗaya, ranar neman aurena, a gaban ƙafar ubana.

Mama ta saki ƙara ta yi alamar gicciye. Matar Kawu ta toshe baki. Vukan ya kama hannuna, na ji nasa ya yi sanyi ƙalau, amma babu kofi a cikinsa, kuma ko a lokacin ban yi nadamar wannan ba.

Baba ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen wurin. Ya ajiye nasa kofin bai sha ba. Da ya ɗago, ba tsawa ya yi ba, da ma ita ya yi da ta fi min sauƙi. A hankali ya yi magana, kamar mai tambayar hanya.

"Nevena, gaya min in sani. Wa kika binne yau, ni ko ke?"